Lambar Sojan da Na Yi wa Rubutu da Ƙusa

Shekarun baya, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Sabon Birni, ba ni da aiki sai tara tsofaffin ƙarafa. Na cika gwangwanin madara da kwabbai na da, da sefa, da maɓallan kakin soja. Mahaifiyata tana kiransa bolar cikin ɗaki. Ni kuwa gidan tarihi nake ce masa.

Wata rana na bi ƙanen babana kasuwar Burkusuma a babur. Wani mai shimfiɗa ya baza zobba da matattun agogai, a tsakiyarsu ga lambar yabo ta soja da ƙyallenta, da kan wani Bature a jiki. Ya rantse mini daga yaƙin duniya ta fito. Zakaran da na yi wata shida ina kiwo, a kanta ya tafi.

A makaranta na buɗe baki. Ranar Litinin na ce sojan da aka ba lambar ya kori abokan gaba goma. Kafin Laraba sun zama ɗari, har da jirgin sama da ya kakkaɓo da sanda. Abokina ya kasa haƙuri. Yana da wani anini mai huji da marigayi kakansa ya bar masa, wanda na shekara biyu ina roƙo yana hana ni. Ya ce ranar Juma'a bayan masallaci mu yi musaya.

Ranar Alhamis da la'asar na kai lambar wurin maƙwabcinmu, wani dattijo tsohon soja, don ya ƙara mini labari. Ya auna ta a tafin hannu, ya karce ta da makulli.

"Ɗan nan, wagga ai ƙanwar tukunyar uwakka ce."

Ya shiga gida ya ɗauko tasa. Nauyi kamar dutse, ga sunansa da lambar aikinsa an buga a gefe. Tawa kuwa shafal, duk gurbin yashi, irin na masu zubin tukunyar dalma.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Shaiɗan ya zauna a kafaɗata har ya miƙe ƙafa. Abokina bai sani ba, gobe anini ya zama nawa. Amma na tuna yadda yake naɗe shi a ƙyalle kamar jinjiri.

Na ce, "Baba, za ni binne ta can wajen kufan Alkalawa, kowa ya huta."

"Kai, wawa! Bayan shekara biyar manomi ya tono ta da ƙasa a jiki, a wurin da kowa ya san da tarihi, wa za ya ce ba ta gaske ba ce? Ka gyara wa ƙarya zama ke nan."

Sai na ari guduma da ƙusa wurin kafinta. Ɗigo bayan ɗigo na buga JABU a goshin Baturen nan. Sau uku na daki babban yatsana, na yi ihun da na tabbata an ji har garin Isa, amma ban aje gudumar ba sai da harafin ƙarshe ya fito.

Ranar Juma'a abokina ya zo da aninin. Na miƙa masa lambar. Ya karanta, ya dube ni.

"To jirgin saman fa?"

"Shi ma jabu ne."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya mayar da abinsa aljihu. Daga ranar har yau Manjo Jabu abokan makarantarmu suke kirana.

Abin da na gane shi ne, an cuce ni, amma ba dole ba ne in miƙa cutar gaba. Aninin yana nan wurin mai shi, yakan ba ni in riƙe na minti ɗaya yana tsaye a kaina. Lambar kuma tana saman gwangwanina. Duk wanda ya ɗauka, ita take fara faɗa masa gaskiya kafin ni in buɗe wannan bakin nawa.