Faki Mai Ƙona Dutsen Teku

Faki Shaame bai taɓa zama masunci ba, ko da yake a bakin teku aka binne cibiyarsa, a wani ƙauye na gabashin Pemba. Tun yana saurayi ya gane farar ƙasa ta fi kifi kasuwa. Idan ruwa ya janye, sai ya saɓa dagi ya taka har inda duwatsun murjani suka yi wa ƙauyen shinge, can inda igiyar ruwa ke fashewa kafin ta iso gaɓa a gajiye. Ya farfasa, ya loda a kwale-kwale. Itacen ƙonawa kuwa ba nisa, ga mikoko nan, bishiyoyin da ke tsaye cikin ruwan gishiri. Ya sare, ya jera, ya ɗora dutse, ya cinna wuta. Bayan kwana biyu sai dutse ya koma farar ƙasa, gari fari fat.

Sana'a ta karɓe shi. Da farar ƙasarsa aka shafe masallacin Juma'a, magina tun daga garin Wete suna aiko masa. Ya auri Mwanajuma, ya yi rufin kwano, ya aurar da 'yarsu Mwanaidi da shinkafar da aka daɗe ana labari. Da wasu suka ga haka, su ma suka nemo dagi.

Abokin wasansa Makame, masunci mai ido ɗaya, shi kaɗai ke damun sa.

"Kai Faki, wanda ya cire ƙyauren ɗakinsa ya sayar, kada ya zo yana kukan ɓarawo."

"Ji mini makaho! Kai da rabin teku kake gani, har ka san ƙarshen dutse? Kafin ya ƙare ni da kai mun zama ƙasa."

Aka kwashe da dariya, har shi Makame.

Shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki. Sannu a hankali igiyar ruwa ta daina fashewa can nesa, ta riƙa zuwa da ƙarfinta har gindin kwakwa. Wata safiya Mwanajuma ta ajiye masa shayi ta ce, "Baban Mwanaidi, rijiyar nan fa ta fara zartsi."

"Harshenki ne ya tsufa," in ji shi. Ya kurɓa, ya ji gishirin. Ranar ma ya fita da dagi.

Mwanajuma ta rasu bayan ƙaramar salla, aka kai ta maƙabartar da ke bayan kwakwa, inda iyayen kowa suke. Da damina ta biyu ta zo, iska ta haɗu da cikar ruwa ana gab da la'asar. Teku ya haye gaɓa ba abin da ya tare shi. Ya kayar da kwakwa sahu biyu, ya cika gonakin rogo, ya ratsa maƙabarta. Ba a rasa rai ba. Amma da ruwa ya koma, Faki ya yi kwana uku yana zagaye cikin yashi, ya kasa gane inda matarsa take.

A can Makame ya same shi, ya zauna kusa da shi.

"Faɗa mana," in ji Faki. "Ka ce ai na gaya maka."

"Haba, ɗan'uwa. Uwata ma tana nan. Kuma ɗakina da farar ƙasarka na shafe shi."

Daga nan Faki bai ƙara hura wuta ba. Matan ƙauyen suka fara dasa mikoko cikin laka, shi kaɗai ne namiji a cikinsu, tsofai-tsofai da shi, zane ɗaure a ƙugu. Wasu dashen suka kama, da yawa ruwa ya tumɓuke. Batun dutsen kuwa, wata ma'aikaciya da ta zo daga birni ta gaya masa abu ne mai rai, kuma abin da yake fasawa da hantsi ɗaya ya girme shi. Ya tambaye ta sau biyu, ko bai ji daidai ba.

Da ƙafafunsa suka gaza, Mwanaidi ta ɗauke shi zuwa gidan mijinta a kan tudu, cikin itatuwan kanumfari. A can ya yi shekara huɗu. Kafin ya cika, ya roƙi a mayar da shi ƙauyensu a binne, amma lokacin an riga an daina binne kowa a bakin ruwa.