Tasi'u da Rabin Aiki

Na san Tasi'u tun yana riƙe wa mahaifinsa zare. Mahaifin nasa, marigayi Malam Badamasi, maƙwabcina ne a Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, kuma a zamaninsa da wuya ka ga babbar riga ta fita kunya daga nan har Mokola wadda allurarsa ba ta bi ta kanta ba. Ni da na yi makarantar mishan, aka hore ni da jera haruffa daidai a kan layi, nakan tsaya in kalli surfaninsa in ga rubutu ne da ya fi nawa tsabta. Yana da ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba: mai riga ba ya ganin rigarsa sai ta kammala. Da ya hango shi tafe, sai ya ja farin ƙyalle ya rufe aikin. Rabin aiki tsiraici ne, in ji shi.

Tasi'u ya gaji allurar, ya gaji ƙa'idar, amma bai gaji kasuwar ba. Injinan surfani masu kwamfuta suka shigo Ibadan, aikin da yake shafe wata yana yi su gama shi kafin azahar. Bai zauna zagin inji ba kamar sauran abokan sana'arsa. Ya je ya leƙa yadda ake zana wa injin fasali, daga nan sha'awa ta ja shi har ya shiga koyon gina shafukan intanet a wata cibiya bayan shataletalen Mokola. Lokacin yana da mata da 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Da safe ɗinki, da yamma karatu. Mutanen layinmu suka ce Tasi'u ya koma ɗan firamare da gemu. Ya ce ai ba da gemu ake danna kwamfuta ba.

Da ya ƙware, wani ƙaramin kamfani a Bodija mai gina wa shaguna da makarantu shafuka ya ɗauke shi gwaji. Shugabar wurin Bayarabiya ce, Madam Ronke. Sharaɗin a fili yake: in aikinsa ya gamsar da ita ya zauna, in bai gamsar ba ya kama gabansa. Shi kuwa ya riga ya sallama wa wani rumfar mahaifinsa, babu inda zai koma.

Zama da mutane bai ba shi wahala ba. A nan aka haife shi, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, amala kuwa ya fi su iya lanƙwame ta. Suka laƙaba masa Baba Tela, suka ware masa kusurwar da zai shimfiɗa darduma. Abin da ya tsaya masa shi ne yadda suke aiki. Kullum da safe sukan tsaya a da'ira, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da inda ya maƙale. Kuma kowa yana zuba aikinsa, ya ƙare ko bai ƙare ba, a wani rumbu na intanet da dukkansu suke dubawa suna gyara wa juna.

An ba Tasi'u shafin wani shagon takalma. A kwamfuta hotunan takalman sukan jeru tsaf, a waya kuwa sai su hau kan juna, ya rasa dalili. Duk safiya idan zagaye ya zo kansa sai ya ce, "Aiki na tafiya, alhamdulillahi." Rumbun kuwa bai zuba ko layi ɗaya ba.

Ran nan Madam Ronke ta kira shi gefe. "Malam Tasi'u, na ga hannun kowa ban da naka. In Juma'a ta zo ban ga komai ba, zan ɗauka babu komai ɗin ne, sai mu rabu lafiya."

Bayan la'asar na shiga gidansa gaisuwa, na tarar yana mayar wa matarsa Kaltume da zancen. Ita dambun nama take yi a gida, ana zuwa sara har daga Ojoo.

"Baba, ka ji fa," ya ce da ni. "So take in baje wa yara riga ba wuya ba hannu."

Kaltume ba ta ɗago daga kaskonta ba. "Baban Rahma, wa ya ce maka su ne masu rigar? Mai takalma ne mai riga. Waɗannan abokan ɗinkinka ne."

"Yara ne fa. Wasu na kusa haifarsu."

"To sai me? Ni tun dambu yana kan wuta nake aika wa Amariya ta maƙwabta ta ɗanɗana mini gishiri. In ya huce ya shiga roba, kai za ka tsince gishirin?"

"Ke dambu kike yi, ni kuwa..."

"Kai kuwa me? Tun yaushe kake dawo mana da alhamdulillahi, ko hoton silifa ba mu gani ba."

Dariya ta ƙwace mini. Ya juyo ya ce, "Baba, har da kai?" Na gaya masa abin da na gani da idona. Mahaifinsa mai riga yake ɓoye wa aiki. Amma sau da yawa na ga ya ɗauki rabin wuyan riga ya tsallaka rumfar Malam Ikrima, abokin sana'arsa, ya ce duba mini nan, kamar ya karkace. Tasi'u ya ce shi bai taɓa lura ba.

Washegari da zagaye ya iso kansa, ya gyara murya ya ce, "Na maƙale." Ya ɗora shafin a babban allon da ke bango. Ga takalma nan cunkus, silifa a kan sau-ciki, na yara a kan na manya. Ofis ya kaure da dariya. Wani matashi mai suna Dapo ya ce, "Baba Tela, shago ka gina ko ƙofar masallaci ranar Juma'a?" Tasi'u ma ya dara.

Dapo ya jawo kujera kusa da shi. Ashe Tasi'u ya yanka wa kowane hoto faɗi tsayayye, kamar yadda ake auna ƙirjin mutum guda, alhali allon waya da na kwamfuta ba girmansu ɗaya ba. Wannan gyaran bai ɗauki lokaci ba. Babbar matsalar ita ce mai shagon ya daɗe da sauya tsarin da yake so, an kuma sanar a rumbun da Tasi'u yake gudun buɗewa. Kusan rabin abin da ya gina sai an warware.

Bai yi gardama ba. Warware ɗinki ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ya riƙa rushewa yana sake ginawa, duk abin da ya yi kafin tashi ya zuba a rumbu, da safe ya tarar da gyare-gyaren abokan aiki, wasu ya karɓa, wasu ya yi musu a kai har ya yi nasara.

Juma'a ta zo shafin bai kammala ba, wurin da mai saye zai zaɓi lambar ƙafarsa yana nan a buɗe. Yana shirin fita masallaci Madam Ronke ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Ranar Litinin ka zo da ƙaramin hotonka, za a yi maka katin ma'aikaci."

"Madam, aikin fa bai ƙare ba."

"Na gani," ta ce. "Shi ya sa nake so ka zo da wuri."