Kifin da Bafulatani Ya Gasa

Wata huɗu da rasuwar Inna, Baba ya daina cin abinci. Ba wai ya buɗe baki ya ce ya daina ba. Loma biyu zai yi, ya ce alhamdulillahi, ya ture kwanon. Mutumin da ake hango tumbinsa tun daga bakin layi a Kantin Kwari, sai ga rigunansa sun koma kamar na aro. Likita ya gaya mini a fili, in bai koma ci ba nan da sati biyu, gado za a ba shi, a zura masa robar abinci ta hanci. Da kuka na dawo Fagge ranar, kuma ba zan ɓoye ba, har da haushin Baban a ciki.

Me ban dafa ba? Burabusko da miyar kuka irin ta garinsu a Borno, farfesun kai, har dambun da Inna ta koya mini irin nasu na Fulani. Gidan kuwa duk a sanɗa muke tafiya. Sannu Baba, ya jiki Baba, a ƙara filo Baba. Ko tari ya yi sai mutum uku sun miƙe.

Abokinsa ne ya kawo shawarar tafiyar. Ibo ne, kayan keken ɗinki yake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, kuma tare suke tun kafin a haife ni. Baban Sabon Gari muke ce masa. Ya ce akwai wani masauki a bakin tafki, kudu da Kano, inda ake kamo kifi a gabanka a gasa maka.

"Alhaji ɗan bakin Tafkin Chadi ne," in ji shi. "In ya ga ruwa, cikinsa zai tuna."

Ni da ban taɓa kwana wajen Kano ba sai don biki, na haɗa kaya kamar mai tafiya Hajji. Filas uku, bargo, har da turmin daka yaji, wanda Baban Sabon Gari ya cire daga but ɗin motarsa da hannunsa, ya ce ba ƙaura za mu yi ba.

Wurin bukkoki ne zagayayyu masu jinka, da gadon katako, da gidan sauro mai faci, da ƙadangaren da ya ƙi matsawa daga kan tagata sai gyaɗa mini kai yake. Na saba da hon ɗin motocin Titin Ibrahim Taiwo, don haka shirun har ƙara ya riƙa yi mini a kunne. Da na ga ruwan kuwa, wallahi hankalina ya tafi yawo. Uwar 'ya'ya uku, na cire takalmi na shiga har gwiwa ina ƙyaƙyata dariya ni kaɗai. Na roƙi wani masunci ya sa ni a kwalekwale, yana turawa na fara salati ina cewa ya mayar da ni, yana juyowa na ce a'a, mu ƙara gaba kaɗan. Baban Sabon Gari ya ari ƙugiya ya naɗe ƙafar wando, ya yi awa guda, ya kamo silifas ƙafa ɗaya. Ya ɗaga shi sama ya ce in ɗauke shi hoto, matarsa ta ga aiki.

Duk wannan, Baba na zaune ƙarƙashin bishiya, bayansa ga ruwan. Duk juyowar da zan yi in gan shi, sai dariyar ta maƙale mini.

Bayan azahar aka kira mu rumfar cin abinci, teburin katako da benci. Mai girkin ya fito da kansa, wani dogo siriri, fari, da furfura a gemu. Ya dire faranti: karfasa uku manya, an tsaga bayansu an cusa yaji da albasa, fatar ta yi ƙaurin gawayi, ga gurasa da lemon tsami a gefe. Yawuna ya tsinke. Baba ko kallo bai yi ba.

Mai girkin ya tsaya yana duban tsagen da ke fuskar Baba da hular zannar da ke kansa. Sai ya miƙa hannu ya janye farantin daga gabansa.

"Wa ya bar Babarbare ya hau benci?" ya ce. "Wannan kifin na iyayengiji ne. Bawana ƙaya za a tara masa, ya je can baya ya tsotsa."

Jama'a, na san wasan Fulani da Barebari, a cikinsa na girma. Amma mara lafiya? Mutumin da muke lallaɓawa kamar ƙwai? Na miƙe, mayafina na zamewa, na riga na jera maganganun da zan gasa masa. Baban Sabon Gari ya ja gefen mayafin.

"Zauna, 'yata," ya ce a hankali. "Dubi babanki."

Na duba. Baba ya ɗago kai, ya gyara zaman hula, irin gyaran da yake yi in mai saye ya raina masa shadda.

"Ikon Allah," ya ce. "Bafulatani da kifi. Kai da ba ka san komai ba sai bin saniya da sanda, wa ya nuna maka hanyar ruwa?"

"Kakanka. Shi yake riƙe wa kakana ƙwarya."

"Ƙarya kake. Miƙo nan in ga ɓarnar da ka yi."

"Ba ka da haƙorinsa."

Baba ya fizgo farantin da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Ya ɓare tsoka ya kai baki, ya tauna, ya yamutsa fuska ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ya sake ɓarewa don ya tabbatar. Ya ce yajin na yara ne, ya dangwala gurasa a ciki. Mai girkin ya zauna a ƙarshen bencin yana ramawa, wai Barebari da ido suke ci kafin baki. Kafin su gama rabon wane ne bawan wane, kifi guda ya koma ƙaya, Baba ya tsotse kan tas, ya miƙa hannu kan nawa. Na tura masa da sauri har na zubar da ruwa. Baban Sabon Gari na dariya yana buga tebur, ni kuma dariya da hawaye a haɗe, ban san wanne zan goge ba.

Da safe na same shi a bakin ruwa, wannan karon yana fuskantarsa, da kofin kunu a hannu.

"Uwarki ba ta taɓa ajiye mini abinci da sannu ba," ya ce, bai dube ni ba. "Kullum sai ta ce, ga naka, bawana, ci ka samu ƙarfin yi mini aiki. Tun da ta tafi, kowa sannu yake ce mini, kamar ni ma na kama hanya."

Kunya ta rufe ni. Ina jin kalmar nan kusan kullum tun ina goye, ban taɓa sanin tana cikin kayan miya ba.

Mun dawo Fagge da yamma. Washegari na tuƙa tuwo na kai masa ɗaki, na durƙusa na ajiye. Ya dubi kwanon irin duban da yake yi masa kafin tafiyar. 'Ya ba ta faɗa wa uba irin wannan magana, a gidanmu ko ido ba ma haɗawa da shi. Na sunkuyar da kai na ce:

"Ga naka, bawana."

Na fara neman hanyar ƙofa.

"Jinin uwarki ya motsa," ya ce. "To, ke rabin Bafulatana ce, rabin bawa kawai na yarda."

Ya jawo kwanon, ya ce in ƙaro miya.