Littafin da Baba Ya Rubuta wa Jikarsa

Jiya ina neman takardun mota, sai ga ƙaramin littafin marigayi mahaifina. Har yanzu yana ƙanshin man zafin da yake shafa wa yatsunsa.

A gidanmu na garin Pleasant Garden, nan ƙasar waje, ya yi shekarunsa na ƙarshe. Bayan karin kumallo yakan zauna bakin taga yana kwafe ayoyin Maganar Allah da Hausa. Wata rana na ƙosa, na ce, "Baba, duk wannan fa yana cikin waya."

Ya ce, "Ɗaruruwan shekaru da suka wuce a Turai, da harshen Latin, wanda talakawa ba sa ji, ake karatu a coci. Wasu suka juya Maganar zuwa harshen da ake cinikin kifi da shi, suka rubuta da hannu don mutanen gida su ji. Ni jikata nake yi wa."

Jiyan nan na miƙa wa 'yata littafin. Ta buɗe, ta tambaye ni da Turanci me aka rubuta. Ni ne ban koya mata Hausa ba.

Baba, Allah ya ba ka hutawa. Ni kuma ya ara mini kwana in zaunar da ita mu karanta.