Sunan da Inna ba ta taɓa faɗa ba

A wannan watan mahaifina, Alhaji Sulaimanu, wanda manyan gidanmu na Gyadi-Gyadi suke kira Abba, ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu, domin ban tabbata ko ya dace a kawo maganar gida cikin jarida ba, kuma har yanzu ban gama tabbata ba. Sai dai akwai wani abu da na riƙe masa ban ba shi ba, kuma kullum nauyinsa ƙaruwa yake.

Baba ma'aikacin safiyo ne, awon filaye ya yi wa gwamnati har ya yi ritaya. Mutum ne da bai yarda da "an ce" ba, sai ya ga takarda. Da ya ajiye aiki, abokansa suka zaci zai zo ya cike musu majalisar ƙofar masallaci. Sai ya ɗauki wani aikin da ba wanda ya sa shi, wato neman kakansa.

Wannan kaka ba shi da suna a gidanmu sai Mai Gabas. Majemi ne, jimar fata ita ce sana'arsa. A zamanin Turawa ya bi ayari zuwa Makka a ƙasa, ya bar mata da jariri a goye, bai dawo ba. Jaririn shi ne kakana. A hannun ƙanen mahaifinsa ya tashi, ya kuma rasu tun Baba bai yi wayo ba. Abin da ya rage mana shi ne zance iri biyu. Wasu tsofaffi suna cewa a hanya ya mutu. Wasu kuma, da murya ƙasa-ƙasa, suna cewa ya sami wuri a Sudan, ya yi aure, ya manta da Kano da wanda ya bari a cikinta. Wannan na biyun shi ne yake cin Baba. Ya taɓa ce mini ba ya son ya je kabari yana zargin mutumin da mai yiwuwa ƙishirwa ce ta kashe shi a daji.

Abu guda ne Baba bai taɓa shakka a kansa ba, shi ne sunan. Kowa ya san in ka ji ana kiran yaro Abba, to sunan kakansa aka sa masa, ana sakayawa ne don kunya. Tunda shi Abba ne kuma sunansa na yanka Sulaimanu, to Mai Gabas Sulaimanu ne. A kan wannan ya ɗora komai.

Lokacin da na gama jami'a ina zaman jiran aiki, idonsa ya fara rauni, sai na zama abokin tafiyarsa zuwa Kaduna, inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati. Turawa sun riƙa rubuta maniyyatan da suka fita ta gabas: suna, sana'a, gari. Takardun sun yi ja, wasu in ka ɗaga da ƙarfi sai su karye kamar busasshen ganye. Ina karantawa, shi yana riƙe da gilashinsa a hannu yana saurare. Mun sami Sulaimanu maɗinki, mun sami Sulaimanu mahauci, mun sami malami. Kowanne sai Baba ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma ba namu ba ne. Juya." Ya sa a yi mana hoton shafukan, mu zo da su gida a jaka. Ban taɓa ganin ya karaya ba, ko kuma dai bai bari na gani ba. A mota in muna dawowa har waƙe-waƙen makarantar allo yake yi a hankali.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibitin koyarwa da ke kusa da mu, yayarsa Gwaggo Ladi takan hawo a-daidaita-sahu daga Hotoro kullum da kunu a fulas. Wata rana bayan la'asar muna zaune ni da ita a tabarma a gindin bishiya, muna jiran a buɗe ƙofa ga masu dubiya, sai ta dube ni.

"Wai har yanzu kuna can kuna neman Sulaimanu a takardun Nasara?"

"Muna yi, Gwaggo."

"Kun sha wahala. Sulaimanu ai Baffa ne, wanda ya riƙe babanmu. Shi ya sani a uba, shi ya yi wa takwara. Wa zai sa wa ɗansa sunan wanda ya tafi ya bar shi?"

Na ce, "To shi Mai Gabas fa?"

"Ni ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini. Amma Innarmu surukar gidan ce, ka san ba za ta kama sunan uban mijinta ba. In tana ba mu labarin annabawa ta zo kan Annabi Musa, sai ta ce 'shi da ɗan'uwansa'. Mai kayan miyan bakin layinmu kowa Haruna yake ce masa, ita kaɗai ce take cewa Mai Tumatir. Kai da ka yi jami'a, sai ka haɗa."

"Gwaggo, me ya hana ki gaya wa Baba?"

"Ya tambaye ni? Ai mu 'an ce' ne da mu. Shi ke da takarda."

Ban shiga dubiya ba ranar. Gida na koma na zazzage jakar, domin na tuna na taɓa wuce wani layi da yatsana. Yana nan, a jerin masu fita: Haruna, majemi, Kano. Mun yi shekara biyu muna kwana da shi a ɗaki ɗaya.

A nan ne na yi abin da har yau nake juyawa a raina. Asibitin bai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba. Amma na zauna ina tunani. Haruna suna da yawa, majeman Kano ma haka. Gwaggo ta manyanta, ƙila ta haɗa abubuwa biyu. Kuma ta yaya zan gaya wa mara lafiya cewa duk shekarun nan sunan wani yake nema? Na ce bari in koma Kaduna sau ɗaya in ga asalin takardar, in na tabbatar sai in zo masa da magana cikakkiya, irin wadda yake so. Washegari ya kama hannuna ya ce, "Akwai sabon abu?" Na ce, "Muna dai dubawa, Baba." Ya ce, "To, ka ci gaba." Kafin makon ya ƙare muka kai shi makwancinsa a Tarauni.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Unguwar da ya auna da igiya da ƙafarsa ta cika da shagunan magani da ɗakunan ɗalibai, gidan Alhajin da ke maƙwabtaka da mu ya zama bene. Ina jin zai tsaya a bakin titi ya nuna inda iyakar kowane fili take, ko ba a tambaye shi ba. Takardun da muke yi wa sammako kuwa, yanzu a waya suke zuwa. Wannan ban san ko zai burge shi ba. Na fi zaton zai ce a buga masa a takarda tukuna.

Ta wayar ce kuwa ragowar labarin ya zo. Ƙanwata Rabi tana aikin jinya a Amurka. Bara ta gano cewa ɗakin karatu na wata jami'a a can yana da hotunan tsofaffin takardun ƙasarmu, waɗanda masu bincike suka ɗauka tun da daɗewa. Ta yi watanni tana dubawa a ranakun hutunta. Wata rana ta turo mini shafi guda, jerin masu komowa ne, waɗanda aka rubuta a kan iyaka ta wajen Barno. A tsakiya akwai Haruna, majemi, Kano. A gefe an ƙara 'yan kalmomi: an bar shi a garin da ke kan iyakar ba shi da lafiya, ayari ya wuce.

Dole in faɗi gaskiya, ba ni da hujjar da za ta rufe bakin mai musu. Yana iya zama wani Harunan. Ban san garin da aka binne shi ba, ban ma san ko a can ya rasu ba. Na yi wata takwas ina riƙe da shafin, ina neman shafi na uku da zai ƙarfafa shi, har na gane cewa hanyar da na bi a baya ce nake sake bi.

Sai na tafi Hotoro. Gwaggo yanzu ba ta gani sosai. Na fara da cewa ba lalle ba ne, akwai yiwuwar kuskure, kada ta ɗauka an gama. Ta katse ni.

"Kai dai faɗi, ɗan nan. Kana ta kewaye kamar mai neman aure."

Na karanta mata. Ta riƙa murza carbinta ba tare da ta ja ba. Sannan ta ce, "Ashe yana tafe." Ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya jiƙan Malam Haruna." A iya sanina, ranar aka fara kiran Mai Gabas da sunansa a danginmu. Da na tashi tafiya ta ce, "Ka je wa Abba da shi. Kai ya bar wa aikin."

Na gaji tsoron kuskure daga Baba, amma ban gaji sauran ba. Shi yana tsoron kuskure ne yana tafiya, yana juya shafi, yana yi wa baƙin Sulaimanu addu'a. Abin da ya bari bai wuce wannan ba: ya ƙi yarda a yanke wa mamaci hukunci da jita-jita, ko da mamacin bai san da shi a duniya ba. Ina ganin wannan ya isa gado.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je maƙabarta bayan an sauko daga masallaci. Na yi sallama, na roƙa masa gafara da rahama, shi da iyayensa da duk Musulmin da ke kwance a wurin. Sannan na durƙusa daidai kansa na ce, "Baba, sunansa Haruna. Ya sauke farali, kuma gida ya nufo."