Baba Garba da Fankarsa ta Hunturu

Ku da kuka san Baba Garba, mai gadin gidanmu na Aziziya, kun san idan sanyi ya shigo Doha kowa ya naɗe fankarsa, a ranar shi yake fito da tasa. Wata tsohuwa ce mai wuya ɗaure da roba. Zai goge ta, ya kai ta majalisar maigida, ya girke ta a ƙasa can nesa, fuskarta na kallon murhu. Kun sha yi masa dariya, amma ba ku san don ni yake yi ba.

Ni direban gidan ne, kuma ina da sanyin ƙashi. Da safe yatsuna ƙagewa suke yi, sitiyari ma ya gagare ni. Sau biyu yaran gidan suna makara makaranta. Kafil, wato maigidan da ya ɗauke mu aiki, ya ce in aka yi na uku, khalas, shi ke nan, in haɗa jakata. Ɗakina kuwa ƙofa ɗaya ce ta raba shi da majalisa, ga wuta na ci amma ɗuminta ba ya isowa.

Ranar farko kafil ya leƙo ya ce, "Garba, fanka a wannan sanyin? Kanka ɗaya?"

Baba ya jawo tsani ya ce, "Ranka ya daɗe, hau ka taɓa silin."

Wallahi mutumin nan da farar rigarsa ya hau! Ya sauko yana cewa can sama kamar gidan burodi.

"To ka gani. Itacenka silin yake yi wa aiki. Ni sanyin ƙasa nake kora wa wuta, ɗumin ya sauko ya zagaya."

Daga nan fa ba mai taɓa fankar nan. Lamba ɗaya kawai, ba ƙari. Wata Juma'a abokin aikinmu Yakubu, ɗan Zangon Kumasi, ya ce, "Baba, wannan abar barci take yi," ya murɗa ta zuwa uku. Innalillahi! Toka ta tashi ta yi wa baƙin maigida ado har gira. Baba bai ko tashi ba, cewa ya yi, "Ku yi haƙuri, injiniya muka samu daga Ghana."

Har turaren wuta yake kunnawa ya bi hayaƙin da rarrafe, tsoho da furfura, yana duba ko ya nufi ƙofata. In na ce, "Haba Baba, gwiwarka fa!" sai ya ce, "Rufe mini baki, ka buɗe ƙofa."

Hunturu huɗu, kullum kafin in farka wuta ta kama, ɗakina ya yi ɗumi. Ban sake makara ba.

Bayan ya koma Gusau ya rasu, na je na gaya wa kafil. Sai ya ce, "Ka san tun a shekarar farko na yanke shawarar sallamarka? Garba ya zo ya ce in ba shi sati biyu, in ka sake makara ku tafi tare, kai da shi."

Bai taɓa gaya mini ba. Ni kuwa ban taɓa yi masa godiya yadda ta kamata ba, abin da ke cina ke nan har yau.

Allah ya jiƙan Baba Garba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya kula da iyalin da ya bari. Amin.