Koren Garin da Ke Cikin Man Turai

A Sabon Garin Wudil, idan mace ta ce za ta tafi kitso ba ta faɗi wurin wa ba, to gidan Turai take nufi. 'Yar Dagumawa ce, a hannun goggonta ta koyi sana'ar tun ba ta iya ɗaura zani sosai ba, aure ne ya kawo ta cikin gari gidan Malam Isyaku, malamin firamare. Doguwa ce marar jiki. Hannunta da zafi, amma kitsonta sai ya yi wata bai tashi ba. Ba ta da surutu irin na masu kitso. Mata su yi ta zuba a tsakar gidanta, ita idonta na kan tsaga, iyakarta ta ce “juya” ko “sunkuya”.

Mace ce da ba ta saurin yarda da mutane, kuma ba ta son a samu abin faɗa a kanta. Duk gashin da mataji ya cire sai ta dunƙule ta danƙa wa mai shi a hannu, kada gobe a ce ta ɓoye gashin wata an kai wa boka. Idan baƙuwar fuska ta shigo, kafin ta taɓa kanta sai ta ji daga wace unguwa take da kuma wadda ta kwatanta mata gidan.

Man gashin da ya ƙara mata suna kuwa dalilin 'yarta Khaulat ta fara haɗa shi. Yarinyar ta yi doguwar jinya, gaban kanta ya zube. Wata Juma'a a kasuwa, wani dattijo mai sayar da saiwoyi da ganyayyaki, Ɗantani mutumin Lajawa, ya ba Turai wani koren gari a ƙullin leda, ya ce ta dafa shi a man kaɗanya ta riƙa shafa mata. Gashi ya dawo, har ya fi na da cika. Turai ta ƙara hulba da kanumfari da man kwakwa, ta riƙa zubawa a ƙananan robobi. Duk wadda aka yi wa kitso sai ta tafi da ɗaya. Aka yi shekaru a haka, kowace Juma'a tana tsayawa a shimfiɗar Ɗantani su gaisa, ya tambayi Malam da yara, ya miƙo ƙullinta.

Sai ga lokacin da gidajen rediyo suka ɗauki zancen wasu 'yan majalisa a Abuja da ke neman a halatta noman wiwi don yin magani da kayan shafa. Masu kira suna ta kira, wasu na tsinuwa, wasu na cewa ƙasashe sun yi nisa. A cikin kwanakin ne Juwairiyya, matar wani direban babbar mota da suka yi zaman Kudu, ta zo kitso. Ta buɗe roba ta shinshina, ta jira sauran mata suka ragu, sannan ta rage murya.

“Yaya Turai, tsakanina da ke, kina ɗan sakawa ko?”

“Saka me?”

“Ganyen nan da ake ta magana a rediyo. A can inda muka zauna, a mai mata ke jiƙa shi, gashi har gadon baya. Kuma haka nasu yake, kore-kore.”

Turai ta ajiye kibiyar da take tsaga da ita. “In kika ƙara wannan magana a gidan nan, da rabin kai za ki fita.”

Juwairiyya ta yi dariya ta ce wasa take. Amma ba a jima ba sai baƙin fuskoki suka fara yawa, wasu har daga tsallaken gada, ba kitso suke so ba, mai kawai. Su tsaya a bakin ƙofa su ce a ba su “mai ƙarfin nan”. Turai ta ce mai iri ɗaya gare ta, ta rantse ba abin da ke ciki sai abin da kowa ya sani. Su yi murmushi irin na wanda ya gane, su ce to a ba su shi ɗin. A gefe guda wasu tsofaffin abokan cinikinta suka ɗauke ƙafa. Matar limamin unguwa ta ci gaba da zuwa, amma da nata man a jaka.

Malam Isyaku shi ne na ƙarshen ji. Yana da majalisa bayan la'asar a ƙofar shagon wani tela, Haladu, kuma a kan wannan batu babu mai zafinsa. Yakan ce shi ya koyar da yaran da yanzu yake gani a bakin kogi ido jajur, ba su gane malaminsu ba, saboda haka kada wani ya zo masa da zancen magani. Haladu kuma ya ce haramcin bai hana kowa samu ba, gara a fito da abin fili a san mai nomawa da mai saye. Ranar da musu ya yi tsami, Haladu yana taka keke ko ɗagowa bai yi ba ya ce ai wasu gidajen ba su jira majalisa ba, sun riga sun halatta. Malam ya dubi fuskokin mutane ya ga kowa ya san inda maganar ta dosa sai shi.

Bai yi faɗa da ya dawo ba. Washegari da safe, bayan Khaulat ta tafi islamiyya, ya zauna a kan turmi ya ce Turai ta faɗa masa duk abin da take sawa a man. Ta fara kawowa cikin fushi, har ta zo kan koren garin, nan bakinta ya tsaya. Ita da ke tambayar baƙuwa unguwarsu, ba ta taɓa tambayar Ɗantani sunan ganyen ba. Ya yi wa 'yarta aiki, shi ke nan.

Suka ɗebi kaɗan suka barbaɗa a garwashi. Hayaƙi ya tashi da ƙaurin ganye. Malam ya ce kamar shi ne warin da yake ji a bayan tasha, can kuma ya ce a'a, wannan ya fi kama da ƙonannen lalle. Turai ba ta san warin ba ko kaɗan. Ba wanda za su kai wa ya duba, don duk wanda ya san abin sosai ba mutumin da za a ba amana ba ne, hukuma kuwa ba a kai mata kai. Malam ya tashi ya zuba ruwa a garwashin, yana leƙen katangar maƙwabta.

Ran Juma'a Turai ta durƙusa gaban shimfiɗar Ɗantani, suka gaisa har gaisuwar ta ƙare, sannan ta tambaye shi abin da ke cikin garin. Ya ce haɗin gado ne daga mahaifinsa, ganye bakwai, in ya faɗa wa kowa shi me zai ci. Ta faɗa masa abin da ake cewa. Dattijon ya ɗago ya dube ta.

“Maman Khaulat, da furfurar tawa?”

“Baba, ba ni na ce ba. Amma ni na rantse wa mutane, kuma ban san a kan me na rantse ba.”

Ya ce to su zo Lajawa su gani da idonsu.

Suka je a babur ɗin Malam da hantsi. Damina ta yi nisa, dawa ta rufe hanya. Ɗantani ya karɓe su ba sakin fuska, ya zagaya da su bayan gida. Ya nuna musu magarya da zogale da lalle, ga wasu ganyayen a shanye kan tabarma a inuwa, yana kiran sunan kowanne. Can ƙarshen shinge Malam ya hango wasu dogayen tsirrai masu ganye kamar yatsun hannu, irin na wiwi, ya ja ya tsaya. Ɗantani ya lura. Ya tsinko ganye biyu ya miƙa musu ya ce su tauna. Tsami ya cika musu baki. Rama ce, wadda ake kwaɗo da ita. Malam ya ji kunya, ya shiga ba da haƙuri yana cewa shi ma ya noma rama yana yaro, ido ne kawai.

Turai dai ba ta ba da haƙuri ba. Ta lura daga bakin shinge ya tsinko, ba su shiga ciki ba. Ta kuma lura ganye biyar ya nuna. Da ta tambayi sauran biyun, ya ce a daji yake samo su, kuma ko 'ya'yansa ɗaya kaɗai ya gaya wa. Ya ce in rantsuwa take so zai yi, amma suna ba zai faɗa ba. Ya yi rantsuwar a tsaye a gabansu. Matarsa ta aiko da fura, ba wanda ya sha da yawa.

A hanya Malam ya ce shi ya gamsu, mutum mai shekaru ba zai rantse a kan ƙarya ba. Turai ta ce ita ma ta rantse, kuma ba ƙarya ta yi niyya ba. Wa ya san ko sunan da mahaifin Ɗantani ya gaya masa daban ne da wanda rediyo ke kira? Malam ya ce wannan kuma neman magana ne. A haka suka shigo gari.

Daga ranar ta daina sayen garin. Ta samo magarya da zogale da kanta, ta shanya a ɗaki, ta daka. Man ya fito kusan kalar na da. Masu neman mai ƙarfi suka saya sau ɗaya suka ce ta cire sinadarin don tsoro, ba su dawo ba. Waɗanda suka gudu tun farko kuma suka ce ai canzawar da ta yi ita ce shaida, da babu komai me zai sa ta canza. Kitso bai tsaya ba, don hannu irin nata ba a samunsa ko'ina, amma robobi suka riƙa daɗewa a kan taga har man ya daskare.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne Juwairiyya. Kafin kaka ta ƙare sai ga ta ta fara tallan nata man gashin a waya, kore shar, kuma an ga mijinta yana tsayawa a shimfiɗar Ɗantani ran Juma'a. Turai ta tabbata a ranta tun ranar farko abin da matar ta zo nema ke nan, ta raba ta da mai garin. Malam yana ganin ba haka ba ne, dama ce kawai ta gani ta ɗauka. Har yau ba su daidaita a kan wannan ba.

Zancen dokar ya lafa a rediyo, yakan taso jefi-jefi ya sake kwantawa. Malam Isyaku bai canza ra'ayi ba, amma in batun ya taso a shagon Haladu yanzu ya fi yawan sauraro, wani lokacin ya tuna yana da jarrabawar yara da bai duba ba ya tashi.

Bara Ɗantani ya kwanta ciwon ƙafa, ya daina zuwa kasuwa. Malam ya matsa sai sun je dubiya, Turai ta yi ta jan jiki, daga baya ta shirya ta bi shi da lemo a leda. Dattijon yana kwance a zaure, ya amsa gaisuwarsu da kyau, ya tambayi makarantar Khaulat, ya yi mata addu'a. Bai tayar da maganar ba, su ma ba su tayar ba. Da za su tafi ɗansa ya rako su har inda babur yake, ya ce wa Turai shi ke riƙe da shimfiɗar yanzu, in tana buƙatar garin zai riƙa ajiye mata. Ta ce masa ta gode, za ta yi shawara, ta gyara mayafinta ta hau bayan Malam.